Kwalbar Kawu Hedley

Kelderby,
11 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Kakata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙugun? Baba ya ce karayar tana haɗuwa amma a hankali, kuma wai kin yi faɗa da wata nas a kan shayi. Mama tana gaishe ki.

Kin ce in riƙa rubuto miki gaskiyar abin da ke lambu, kada in ɓoye. To, har yanzu ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ciyawar filin ƙwallo ta ƙone ta koma kamar tsohuwar tabarma. An hana ban ruwa da tiyo. Yanzu ruwa kaɗan muke tarawa a baho, Mama ta yi wanka, in yi, Baba ya yi, sannan in kwashe shi da bokiti in kai wa waken ƙamshinki, wanda kike shukawa don furensa. Ya hau sanduna har ya kai ƙirjina, sai dai ganyen ƙasa ya yi rawaya, kuma furen yana zubewa tun bai buɗe ba.

Jiya a kanti na haɗu da Misis Pargeter, sakatariyar Baje Kolin furanni da amfanin gona. Ta ce, “Ke ce jikar Hilda ko? Bana wa zai kai kwalbar gidanku?” Na tsaya ina kallon gwangwanayen madara. Ta ce, “Yarinyar nan ba ta da baki ne?” Mai kanti ya ce, “Tana da shi, a gida take bari don kada ya ɓata.” Suka yi dariya. Na fito ban sayi gishirin ba.

Na tambayi Baba. Ya ce, “Ranar Asabar ɗin da za a yi ina kan tankar ruwa, shanun mutane ba su san da wani Baje Koli ba.” Mama ta ce ita ba jinin Raine, gidan mahaifinki, ba ce, aure ya kawo ta. Ke nan saura ni.

Kaka, ba zan iya ba. Tun ina ƙarama nake ganin yadda kike yi. A rufe ƙofar zauren taro kafin alƙalai su taɓa albasa ko kabewa, kowa ya yi tsit, a kira “Gidan Raine”, ki taka ke kaɗai har Teburin Sunaye, ki ajiye kwalbar fure, ki faɗi sunan Kawu Hedley da ƙarfi. Ni kuwa kin san ranar da Malama ta ce in karanta layi huɗu a gaban aji, sai da ta ce in koma in zauna.

Da gaske ne idan aka kira gida ba a amsa ba, ba za a sake kiransa ba har abada? Wa ya kafa wannan doka? Ba ki ganin ta yi tsauri? Ko likita zai bar ki ki zo na yini ɗaya?

Allah ya ba ki lafiya da wuri.

Jikarki,
Tessa


Asibitin birni,
16 ga Yuli

Tessa, ’yar nan,

Na gaishe ki, na gaida uwarki. Ki gaya wa ubanki ba faɗa na yi ba, gyara na yi. Abin da suke kawowa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa.

Likita ya ce ko banɗaki ba zan je ni kaɗai ba kafin watan Satumba. Saboda haka ki daina kallon hanya.

Kin tambayi doka. Zauna ki ji, tunda ba ki taɓa tambaya ba sai da abin ya zo kanki.

A 1921 aka fara, ina da shekarunki, ita ma shekarar fari ce, ba ruwa. Mazan da suka dawo daga babban yaƙi ba sa magana. Za ki ga ƙato zaune kan katanga yini guda yana kallon hannunsa. Abu ɗaya ne ke tashe su, lambu. Wata rana maƙerin garin nan da baban Percy Ackrill, wannan Percy na bayan shingenmu, suka kusa dambe a gidan giya a kan albasar wa ta fi girma. Fasto ya ce su daina zubar da mutunci, kowa ya kawo tasa a aza a sikeli. Mata suka ce idan maza za su nuna albasa, su ma ba za su ɓoye burodinsu da jam ɗinsu ba. Asalin Baje Kolin ke nan. Duk wanda ya ce miki wani babban mutum ne ya kafa shi don ci gaban ƙauye, ƙarya yake.

Ranar, ana cikin hayaniya sai ga Misis Wray, wadda ’ya’yanta biyu suka tafi ba su dawo ba. Ta shigo da kwalbar jam da ’yan furanni a ciki, ta ajiye kan wani tebur da ba kowa a gindin taga, ta faɗi sunayensu kamar tana kiransu cin abinci, ta fita. Ba wanda ya shirya haka. Mamata ta saki hannuna ta nufi gida da sauri, ta dawo da tata kwalbar. Kafin yamma kwalabe goma sha huɗu ne a teburin.

Bayan wasu shekaru wata mata ta sayo fure mai tsada daga birni ta ajiye. Misis Wray ta ɗauka ta wurgar ta taga. Ta ce sunayen duka suna jikin dutse a ƙofar coci, ba mai goge su. Wannan tebur kuwa na wanda har yanzu gidansu ke ba ƙasa ruwa dominsa ne. Ranar da ba mai yi masa, a bar shi ya huta a dutse. Daga nan dokar ta fito: furen lambun gida, hannun ɗan gida, bakin ɗan gida. Yanzu saura gida biyar ake kira.

Hedley yayana ne, shekararsa goma sha tara ya tafi yaƙin, bai dawo ba. Shi ya koya mini fito da yatsu biyu. Albasar da ke lambunmu irinsa ce, ya bar ta a gwangwanin taba ranar da zai tafi. Shi ya sa kowace shekara nake barin ’yan kawuna su yi fure a bayan ɗakin ajiya, inda ba mai gani, in sami iri. Kada ki taɓa waɗannan.

Waken kuwa, ki ba shi ruwa da yamma a gindi, ki rufe ƙasar da tsohuwar jarida. Batun baki, kalma biyu ce kawai. Ki riƙa faɗa wa kaji har ki saba.

Ki gaida kowa ban da Marjorie Pargeter.

Kakarki,
Hilda


Kelderby,
29 ga Yuli

Kakata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki yana sauƙi. Na daɗe ban rubuto ba saboda kullum ina cewa bari in ga gobe.

Waken ya mutu, Kaka. Duka. Na yi jaridar, na yi ruwan yamma, har ruwan wanke-wanke na haɗa. Ko sabulun ne? Ko ni ce ban iya ba? Ranar Lahadi na taɓa wani reshe ya karye a hannuna kamar tsinke. Na zagaya lambun sau ba adadi ina neman ko fure ɗaya. Wardin bakin ƙofa ƙaya kawai ya rage.

Akwai wani abu kuma. Albasar babban fage ta fitar da kara gaba ɗayanta, ta yi dogayen sanduna da kawuna a sama. Ba ta bayan ɗakin ajiya nake nufi ba, ta gaba, wadda kowa ke gani daga hanya.

Shekaranjiya ina tsugune wajen matattun waken sai na ji, “Ke, Shiru-shiru, zo nan.” Mista Ackrill ne ya leƙo ta kan shinge. Kin san yana da tsohuwar rijiya, lambunsa kore shar kamar ba a garin nan yake ba. Ya dubi albasarmu ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Kai! Da Hedley zai ga wannan, da ya koma inda ya fito. Tare muka tafi da shi, kin sani? A cikin ramin yaƙi ma, ana ruwan harsashi, zancen albasa yake. Har jifansa muke da takalmi.”

Sannan ya dubi waken bai yi dariya ba. Ya ce, “Safiyar Baje Koli zan manta da wani bokiti a gindin shingen nan, ta ɓangarenku. Na tsufa, mantuwa ta yi mini yawa. Abin da ke ciki, ba ruwana da inda ya je.” Na ce, “Amma doka…” Ya ce, “Lallai! Ashe tana magana. A buga ƙararrawar coci.” Ya juya ya tafi.

Kaka, me zan yi? Ba na iya zama wuri ɗaya. Mama ta ce ina zirga-zirga kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Idan na ɗauka, ƙarya ce a gaban kowa. Idan ban ɗauka ba, a kira mu a ji shiru. Ina faɗa wa kajin sunan kamar yadda kika ce, amma ko su ba sa ɗago kai.

Ki amsa mini da wuri don Allah.

Taki,
Tessa


Kwamitin Baje Kolin Furanni da Amfanin Gona,
Kelderby,
30 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Misis Hilda Garbutt,

Bayan gaisuwa tare da girmamawa, kwamiti yana miƙa jajensa game da tsautsayin da ya same ki, yana kuma yi miki fatan samun sauƙi.

Ina sanar da ke cewa duk da halin fari da ake ciki, za a yi Baje Kolin bana ranar Asabar, 14 ga Agusta, a zauren taro, ba tare da tanti ba.

Game da Teburin Sunaye, kwamiti ya lura da halin da lambunki yake ciki, ya kuma lura cewa wadda ta rage ta wakilci gidan yarinya ce mai ƙarancin shekaru da yawan kunya. Don kada a jefa ta cikin damuwa, a shirye muke mu tsallake kiran Gidan Raine cikin mutunci, Fasto ya yi ’yar addu’a a madadinsa. Kin san dai abin da hakan ke nufi a bisa al’ada. Wasunmu ma suna ganin lokaci ya yi da za a bar teburin ya huta, a ba wa gasar zanen yara wurin.

Ina jiran amsarki. Ki huta lafiya.

Marjorie Pargeter,
Sakatariya


Asibitin birni,
4 ga Agusta

Tessa,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki da ta Marjorie rana ɗaya suka zo. Tata na ba wa matar gadon kusa da ni ta yi fifita da ita. Na amsa mata da layi ɗaya: a kira mu.

Ba ke kika kashe waken ba, rana ce. Ki daina wannan tunanin.

Yanzu ki saurara. Na yi ta juyi a gado a kan maganar nan har nas ta ce zan sake karya ƙugun. Ki ɗauki bokitin Percy. Shinge ne kawai tsakani, ƙasar ɗaya ce, saiwar tasa ma rabinta a namu ɓangaren take. Kada ki gaya wa ubanki, kada ki gaya wa uwarki. Na san abin da na rubuto miki a kan Misis Wray da taga, ba sai kin tuna mini ba. Shekara hamsin da biyar ana kiran Hedley ana amsawa. Mamata ta kai da zazzaɓi a jikinta, ni na kai da cikin ubanki wata tara. Ba zan kwanta a nan ina kallon silin a mayar da shi dutse saboda zanen yara ba.

Albasar gaba kuwa, ki kakkarya karan tun yau. Albasa mai fure a gaban gida abin kunya ne, duk mai wucewa zai ce gidan ba kowa.

Ki wanke kwalbar, tana saman kabad. Ki tsefe gashinki. Ki ɗaga kai.

Kakarki


Asibitin birni,
17 ga Agusta

Tessa,

Gaisuwa. Asabar ta wuce, yau Talata, ko layi ɗaya ban gani ba. Ubanki ya zo jiya da lemo, na tambaye shi, ya ce, “Ki tambayi Tessa,” yana wani sosa ƙeya. An kira mu ko ba a kira ba? Kin je ko kin ɓuya? An gane furen Percy ne? Ko me ya faru ki faɗa mini, ba zan cinye ki ba, ba ni da haƙoran.

Ina jira.

Kakarki


Kelderby,
18 ga Agusta

Kakata,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Na fara wasiƙar nan tun Lahadi ina yagawa, don ban san ta inda zan gaya miki cewa ban bi maganarki ba.

Karan albasar ban karya ba. Na je da niyyar yi, sai na tarar kawunan sun buɗe, farare, zagaye kamar ƙwallo, ƙudan zuma sun rufe su. A duk lambun nan su kaɗai ne ke da rai. Na kasa.

Safiyar Asabar bokitin yana gindin shinge, cike da furen wake, ja da fari da shuɗi, ƙamshi har kicin. Na shigo da shi, na jera a kwalbar. Ya yi kyau sosai, Kaka, ya fi naki na bara, kada ki ji haushi. Na ɗauka na kai bakin ƙofa na dawo, na sake kaiwa na dawo. Ba Misis Pargeter nake tsoro ba. Gani na yi idan na ajiye wannan na faɗi sunan Kawu Hedley, kamar na ce masa ga abin da muka shuka maka, alhali ba mu ba ne. Sai na zare su na mayar a bokiti, na tura ta ƙarƙashin shinge. Na ɗauki wuƙa na yanko kawunan albasa biyar daga fagen gaba. Na bayan ɗakin ajiya ban taɓa ba.

Zauren ya cika, zafi kamar tanda. Kayan bana abin tausayi, karas kamar yatsa, kabewar da ta ci ta ɗaya bana, da bara ce ko kallonta ba za a yi ba. Jam da burodi ne kawai suka yi yawa. Aka rufe ƙofa. Aka kira Gidan Wray, jikansu ya kai ’yan furanni uku. Aka kira wasu biyu. Sai na ji, “Gidan Raine.”

Na tashi da kwalbar. Ina tafe warin albasa yana bina. Wani yaro ya ce, “Miya za a yi?” Aka fara ƙunshe dariya. Kafin in kai teburin Misis Pargeter ta tare ni, ta ce a hankali, “Tsaya, ’yata. Wannan kayan miya ne, teburinsu yana can.”

Sai ga muryar Mista Ackrill daga kujerun gaba. “Marjorie, me doka ta ce?”

Ta ce, “Furen lambun gida.”

Ya ce, “To wannan gashin kaza ne? Ko a gidanki ya tsiro?”

Ta ce, “Percy, ba a taɓa yi ba.”

Ya ce, “Ranar farko ma ba a taɓa yi ba, ina wurin, ke ko haifarki ba a yi ba. Irin Hedley ne wannan, da hannunsa ya zaɓe shi. Shekara da shekaru Hilda na kawo masa furen ’yan mata, mutumin da ko a coci warin albasa yake. Matsa wa yarinya.”

Ta matsa. Na ajiye kwalbar. Na buɗe baki, na faɗa, amma ni kaina ban ji ba. Zauren ya yi tsit, na ga Misis Pargeter ta dubi Fasto. Na ji kamar in nutse.

Mista Ackrill ya sa hannu a bayan kunne ya ce, “Wa? Kurma ne ni.”

Na sake faɗa.

Ya ce, “Har yanzu dai. Kajinku ma sun fi ki murya.”

Ashe yana jina ta shinge duk kwanakin nan! Haushi ya kama ni, Kaka. Na juyo na dube shi na ƙwala, “Hedley Raine!” har jaririn wata mata ya fashe da kuka.

Ba wanda ya yi dariya. Mista Ackrill ya miƙe da sandarsa, ya cire hula, ya daɗe a tsaye. Da ya zauna na ga yana goge ido. Matar da ke kusa da shi ta taɓa shi, ya ce, “Ke rabu da ni, albasa ce.”

Da aka buɗe ƙofa na fita da gudu na zauna bayan zaure. Can Misis Pargeter ta zo da kofin ruwan lemo ta miƙo mini. Ta ce, “Baɗi dai a yi ƙoƙari a kawo mai ƙamshi.” Baɗi ta ce, Kaka. Na ji da kunnena.

Idan kin yi fushi ki faɗa mini a wasiƙa, kada ki bari sai kin dawo.

Allah ya ƙara sauƙi.

Jikarki,
Tessa


Asibitin birni,
21 ga Agusta

Tessa, ja’ira,

Na gaishe ki. Na ce ki ɗauka kin ƙi, na ce ki karya kin ƙi. Na karanta wa ɗakin nan wasiƙarki sau biyu, matar gadon kusa ta ce a sake. Ki gaya wa Percy “furen ’yan mata” ya zo kunnena, zan same shi.

Kawunan bayan ɗakin ajiya sun kusa bushewa. Ki ɗaura wa kowanne jakar takarda kafin irin ya zube. Gwangwanin tabar yana cikin aljihun tebur na ɗakina, ki ɗauka ki ajiye a naki.

Likita ya ce zan warke sarai. Amma na riga na yanke shawara, baɗi ranar Baje Koli ciwon ƙugun nan zai sake tashi, ke za ki kai kwalbar.

Ki zauna lafiya.

Kakarki,
Hilda